Sharhi: shirun minti biyu da ya sa aka kori aji guda

Das schweigende Klassenzimmer, wato ajin da ya yi shiru, fim ne na Jamus da ya fito a 2018, wanda Lars Kraume ya ba da umarni. Da Jamusanci ake magana, don haka da fassarar rubutu a ƙasan allo na kalle shi, kuma bai cika awa biyu ba. Mai neman faɗa da tseren motoci ba zai samu a nan ba. Amma in kai malami ne, ko uba, ko ka taɓa zama a ajin da aka ce "ku fito da wanda ya yi, ko a hukunta kowa", to ka ware masa lokaci.

Labarin ya faru da gaske. A ranar 23 ga Oktoban 1956 mutanen Hangari suka yi wa mulkin gurguzu bore, ɗalibai a kan gaba, kafin tankokin Tarayyar Sobiyat su murƙushe su a farkon Nuwamba. A Jamus ta Gabas, wadda ita ma ke ƙarƙashin mulkin gurguzu, wasu 'yan ajin ƙarshe na sakandare suka ji labarin a RIAS, gidan rediyon Amurkawa da ke Berlin ta Yamma, wanda hukuma ke kallon saurarensa a matsayin sauraren abokin gaba. Sai suka yi shawarar yin shiru a aji don juyayin waɗanda aka kashe. A garin Storkow abin ya faru, kuma ɗaya daga cikin yaran, Dietrich Garstka, shi ya rubuta littafin da aka gina fim ɗin a kai. Fim ɗin ya mayar da labarin Stalinstadt, garin masana'antar ƙarfe da yau ake kira Eisenhüttenstadt.

Wurin shirun kansa gajere ne, amma na ji shi a ƙirjina. Malamin tarihi ya shigo, ya yi tambaya, ba wanda ya tanka. Ya kira suna, shiru. Ya koma kan wani, shi ma shiru. Kana kallon fuskokin yaran ka san ba duka ne suka fahimci girman abin da suka taro ba. Wasu tausayi ya ja su, wasu kuwa ba sa son a bar su a baya ne kawai. Da magana ta yi zafi sai suka fake da ƙwallo, suka ce ai juyayin Ferenc Puskás suke yi, kyaftin ɗin Hangari da aka yaɗa cewa an kashe shi, alhali yana raye. Hedimasta ya so a rufe maganar a nan. Ba ta rufu ba, har sai da ministan ilimi, Fritz Lange, ya zo makarantar da kansa, ya ba su wa'adi: su faɗi jagoran, ko a hana ajin gaba ɗaya rubuta jarrabawar ƙarshe.

A nan ne fim ɗin ya kama ni sosai, domin ya nuna yadda irin wannan gwamnati ke aiki. Ba ta buƙatar bulala. Jami'ar ilimi Kessler tana kiran yaran ɗaya bayan ɗaya, murya a ƙasa, takardu a gabanta, kuma abin da ke cikin takardun sirrin iyayensu ne. Shekara 11 ke nan da ƙare yaƙin duniya, kusan kowane gida akwai abin da ake ɓoyewa. Mahaifin Theo, ɗaya daga cikin ɗaliban, ma'aikacin ƙarfe ne da ya shiga boren ma'aikata na Yunin 1953, ya san abin da ya biyo baya, kuma burinsa a duniya ɗansa ya yi karatun da shi bai samu ba. Idan ya ce wa ɗan ya kama bakinsa, ba za ka iya kiransa matsoraci ba. Wallahi shi na fi tausaya wa a duk fim ɗin. Shi kuwa Erik, wanda ya tashi yana alfahari da mahaifinsa a matsayin gwarzon ɗan gurguzu da 'yan Nazi suka kashe, da wannan alfaharin aka karya shi. Jonas Dassler ya yi rawar gani a matsayin Erik, yaron da za ka ji haushinsa da farko, daga baya ka rasa inda za ka sa kanka saboda shi.

Saboda an nuna mana farashin da kowa zai biya, lokacin da yaran suka riƙa miƙewa ɗaya bayan ɗaya, kowa na cewa shawararsa ce, bai zo min kamar abin da aka shirya don a sa mai kallo hawaye ba. Na riga na san abin da kowannensu yake ajiyewa kafin ya miƙe.

Inda ban gamsu ba shi ne kayan da aka ɗora wa labarin. Soyayyar Lena tsakanin Theo da Kurt ba ta ƙara komai ba, kuma wurin da Erik ya ɗauki bindiga ya yi yawa ga labarin da ƙarfinsa ke cikin shiru. Sannan kusan kowane uba sai an ba shi wani babban sirri, har abin ya fara kama da tsari.

An kori ajin, kuma mafi yawan yaran suka tsallaka Berlin ta Yamma, abin da ya yiwu saboda sai a 1961 aka gina katangar da ta raba birnin Berlin biyu. A zahiri a garin Bensheim suka ƙarasa karatunsu, nesa da iyaye da ƙannen da suka bari a hannun hukumar da suka guje wa. Fim ɗin ya tsaya ne a tafiyarsu. Da an rage soyayyar an ba waɗanda aka bari a gida ko da minti goma, da na fi jin daɗinsa.