Wane Faifan Mark Knopfler Ya Kamata Mutum Ya Fara Saya?

Duk wanda ya ji kiɗan jitar Mark Knopfler ya yi sha'awar mallakar wani abu daga ayyukansa, zai tarar da kaya jibge a gabansa: albam shida da ya yi a situdiyo tare da ƙungiyar Dire Straits tsakanin 1978 da 1991, da wasannin da aka naɗa a gaban jama'a, da faifan zaɓaɓɓun waƙoƙi iri-iri, sannan ga albam goma da ya fitar shi kaɗai daga 1996 zuwa 2024. Mai saye yakan miƙa hannu ga wanda ya fi suna, wato Brothers in Arms na 1985, alhali ba lallai ba ne shi ya fi dacewa da abin da ya kawo shi kasuwa. Kafin a fitar da kuɗi, ya kamata mutum ya tantance ko hannun Knopfler yake nema ko muryarsa, domin ba a faifai ɗaya kowannensu ya fi fitowa ba.

An haifi Knopfler a Glasgow a 1949, ya tashi a arewa maso gabashin Ingila kusa da Newcastle, kuma ya yi aikin jarida a Leeds da koyarwa a Essex kafin ya kafa Dire Straits a Landan a 1977 tare da ƙanensa David da John Illsley da Pick Withers. Bahago ne, amma da hannun dama yake kaɗa tsirkiya, kuma ba ya amfani da ɗan gutsuren robar nan da yawancin makaɗan jita suke riƙewa. Da babban yatsa da biyun da ke biye da shi yake fizgar tsirkiya, abin da ya sa sautinsa yake fita garau, kowane bugu da irin nauyinsa. Muryarsa kuwa ƙasa-ƙasa take, ta fi kusa da magana bisa ga rerawa, kamar ta dattijon da ke ba da labari bayan sallar isha ba ya son ya tashi masu barci. Wanda yake neman mawaƙi mai zaƙin murya da jan baiti ba zai samu biyan buƙata a nan ba, kuma gara ya san haka tun da wuri.

Ga mai neman hannu, babu abin da ya kai Alchemy, wasan da aka naɗa a zauren Hammersmith Odeon na Landan a watan Yulin 1983, aka fitar a 1984. A nan ne waƙar Sultans of Swing, wadda ba ta kai minti 6 ba a albam na farko, ta miƙe har kusan minti 11, kuma kusan duk ƙarin na jita ne, yana hawa yana sauka yayin da Terry Williams yake matsa masa lamba da ganga. A nan kuma ake jin yadda yake gina ƙarshen waƙoƙin Tunnel of Love da Telegraph Road, ya faro a hankali kamar ba shi da niyyar zuwa ko'ina, sai can mai sauraro ya ankara an yi nisa da shi. Aibin wannan faifai biyu ne. Na farko, an naɗe shi kafin a yi waƙoƙin 1985 da suka game duniya, saboda haka wanda ya saye shi don su zai ga wayam. Na biyu, murya ba ta samu kulawar da jita ta samu ba, domin a fagen wasa Knopfler yakan haɗiye kalmomi, wani lokacin ma ya furta baiti kamar yana gaggawar komawa ga tsirkiya. Mai koyon jita ya nemi na bidiyo, wanda aka sake fitarwa a DVD a 2010, tun da ganin yatsun ya fi jinsu amfani a gare shi. Wannan ba sabuwar hanya ba ce: Bombino, makaɗin jitar nan na Agadas, ta kallon bidiyon Knopfler da na Jimi Hendrix ya goge hannunsa a shekarun da ya yi yana gudun hijira a Aljeriya da Libiya.

Albam na farko, mai ɗauke da sunan ƙungiyar, shi ne na biyu a wannan layi. Mutum huɗu ne kawai, babu fiyano babu ado, sai jar jitar Knopfler ƙirar Fender Stratocaster tana magana a fili. Communiqué na 1979 ya bi sawunsa sak, har ya zama wanda yake da na farko ba ya cikin gaggawar sayen na biyu.

Idan kuwa faifai ɗaya tak aljihu zai iya ɗauka, kuma ana son hannu da murya da rubutun waƙa su zo a daidaice, ra'ayina Making Movies na 1980 ne. A lokacin David ya bar ƙungiyar, aka gayyato Roy Bittan, mai kaɗa wa Bruce Springsteen fiyano, kuma shigowar fiyanon ta ba jitar abokin zance, ta daina ɗaukar nauyin komai ita kaɗai. A waƙar Romeo and Juliet Knopfler ya ajiye jitar lantarki ya ɗauki tsohuwar jitar ƙarfe ƙirar National ta 1937, ita ce dai wadda daga baya hotonta ya fito a bangon Brothers in Arms, kuma a wannan waƙa ce muryar tasa mai kama da magana ta fi yi masa rana, domin labarin masoyin da aka juya wa baya ya fi shiga rai idan an faɗe shi ba tare da kururuwa ba. Waƙoƙi bakwai ne, ba su cika minti 40 ba, kuma ta ƙarshen ba ta kai sauran ba, amma shidan da suka gabace ta sun biya kuɗin faifan.

Love Over Gold na 1982 na mai haƙuri ne. Waƙoƙi biyar kacal ke cikinsa, ta farkon, Telegraph Road, ta haura minti 14 tana ba da tarihin wata hanya a jihar Michigan ta Amurka, daga zuwan mutum guda da ya kafa bukka a daji har wurin ya zama birnin masana'antu, sannan aiki ya ƙare mutane suka shiga halin ni-'yasu. Aiki ne mai girma, sai dai yana buƙatar wuri shiru da lasifika mai kyau, saboda akwai gaɓoɓin da sauti yake yin ƙasa ƙwarai kafin ya tashi da ƙarfi. A cikin mota ko shago mai hayaniyar janareta rabinsa zai ɓace.

Shi Brothers in Arms ba a raina shi, albam ne da ya sayar da fiye da kwafi miliyan 30, kuma shi ne na farko da aka sayar da kwafi miliyan ɗaya nasa a faifan CD. An naɗe shi a tsibirin Montserrat da na'urorin dijital, waƙarsa ta ƙarshe kuma, inda Knopfler ya ɗauki jita ƙirar Gibson Les Paul ya bar ta tana kuka a hankali, tana cikin mafi kyawun abin da ya taɓa kaɗawa. Abin da ya hana in sa shi a gaba shi ne yawan sautin na'urorin madannai irin na shekarun 1980 da ya lulluɓe wasu waƙoƙin, ga shi kuma mai saye ya riga ya ji rabinsu a rediyo. Akwai wani tarko da ya kamata a sani: faifan garmaho na asali mai ƙwaya ɗaya an rage tsawon waƙoƙi da dama a cikinsa don su shiga, saboda haka wanda yake son cikakku ya sayi CD, ko bugun garmaho na baya-bayan nan mai faifai biyu.

Irin wannan ragi shi ne matsalar faifan zaɓaɓɓun waƙoƙi. Na 1998, mai suna Sultans of Swing, babu Telegraph Road a cikinsa, kuma an datse waƙar Money for Nothing daga sama da minti 8 zuwa kusan rabin haka. Makaɗin da gwanintarsa take fitowa a dogon zango ba a yi masa adalci da almakashi ba. Idan dole sai irin wannan faifai, a nemi Private Investigations na 2005 mai faifai biyu, wanda ya haɗa da waƙoƙin da ya yi bayan rabuwar ƙungiyar, a kuma duba da kyau kada a karɓi bugunsa mai faifai ɗaya.

Mai neman murya kuwa sai ya tsallaka zuwa ayyukan Knopfler shi kaɗai, bayan Dire Straits ta watse a 1995. Da shekaru suka ja, muryar ta ƙara kauri da taushi, ya koyi zama a kan kalma maimakon wuce ta, jitar kuma ta koma tana amsa baiti da 'yan bugu kaɗan. Sailing to Philadelphia na 2000 shi ne ƙofar shiga mafi sauƙi. A waƙar da albam ɗin ya ci sunanta, shi da mawaƙin Amurka James Taylor sun raba matsayin Jeremiah Dixon da Charles Mason, masu awon ƙasa biyu daga Ingila da suka shata iyaka tsakanin Pennsylvania da Maryland a shekarun 1760, kuma Van Morrison ya sa murya a wata waƙar. All the Roadrunning na 2006, wanda ya yi da Emmylou Harris, ya dace da mai son jin muryar tasa kusa da ta mace mai zaƙi. Amma wanda ya shigo nan yana jiran dogon kiɗa irin na Alchemy zai yi ta jira.

Saura batun surar da za a saya. Wanda ya tabbata cewa zai ƙare da mallakar uku ko huɗu daga albam ɗin ƙungiyar, ya kwatanta farashinsu ɗai-ɗai da na akwatin The Studio Albums 1978–1991, wanda ya tattara duka shidan, kafin ya yanke shawara. Mai sauraro ta Spotify ko Apple Music ya shiga saiti ya ɗaga ingancin sauti, ya sauke waƙoƙin lokacin da yake da wadatar data, sannan ya yi amfani da abin sawa a kunne mai kyau, domin lasifikar waya ba ta fitar da bambanci tsakanin bugun babban yatsa da na sauran. Waƙoƙin da ake turawa a mimori sau da yawa an matse su har sautin ya shaƙe, kuma kiɗa irin wannan ya fi kowane cutuwa da matsi. Mai sayen tsohon CD ya juya bayansa a haske ya duba ƙarzuwa, ya kuma tabbatar Alchemy ya zo da faifansa biyu, domin Tunnel of Love da Telegraph Road duka a na biyun suke.