Wasiƙa daga Birmingham: yadda ake rabuwa da matacciyar mota a Ingila

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da Hajiya da yara da duk mutanen gida. Saƙonka ya iso, na kuma ji shawararka kan motata da ta mutu, cewa in loda ta a kwantena in turo maka, yaran Ƙofar Ruwa ta Kano su tashe ta. Tashinta kam za su iya, ko tantama ba na yi. Sitiyari ne ya hana. Motocin Ingila a dama nasu yake, mu kuwa tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama da mota mai sitiyarin hagu, kuma doka ba ta yarda a shigo mana da irin tasu ba. Shi ya sa za ka ga na-hannun da ake sauke mana daga Beljiyam da Jamus da Amurka suke fitowa. Ko da ma babu wannan, kuɗin jirgi da na kwastam sun ninka abin da motar za ta yi a kasuwa.

Taimin bel ne ya tsinke ina cikin gudu, injin ya buga. Wajen ɗauke mota daga titi, gaskiya sun iya aiki. Akwai kamfanoni irin AA da RAC da mutum ke biya a wata ko a shekara. Mota na tsayawa sai ka buga waya, su turo bakanike, in ta ƙi tashi janwe ya kai ta gareji. Ba ciniki a bakin hanya, ba neman masu turi.

A garejin ne na ga bambancin da ya fi tsaya mini a rai. Nan da awa ake biyan bakanike, kuma kuɗin awa ɗaya kan kai fam 50 ko fiye, ban da kayan gyara. Mutumin ya duba, ya rubuta mini lissafin sauke inji da sake ɗora wani, sai ga shi ya haura kuɗin motar dungurungum. Ya ce da shi ne ba zai gyara ba. Ba ha'inci a maganarsa, haka lissafin ƙasar yake: ƙarfe araha, hannu tsada. Motar nan fa kujerunta ko yagewa ba su yi ba, gilasanta lafiya lau, giyarta ƙalau, sai ɗan tsatsa a ƙasa saboda gishirin da suke watsa wa tituna lokacin sanyi. A gida da bakanike ya sauke injin da safe, ya aika yaro kasuwa, kafin mako ta koma hanya.

To, ka ce a jingine ta a ƙofar gida sai an samu hali, kamar yadda muke yi. Nan ba a haka. Muddin mota na kan titin gwamnati, ko tana tashi ko ba ta tashi, sai da haraji da inshora, ga gwajin lafiyar mota na MOT da ake yi kowace shekara da zarar ta cika shekara 3. Hukumar DVLA da ke Swansea tana da sunan mai kowace mota a kwamfuta, ba sai ɗan sanda ya tare ka ba, takardar tara ce za ta same ka har gida. Mafita ɗaya ita ce ka sanar da hukumar ka janye motar daga hanya, abin da suke kira SORN, amma sai kana da gareji ko fili naka na kanka da za ka ajiye ta. Ni gidan haya nake, a bakin titi muke fakin. Wanda kuma ya kai mota wani lungu ya yasar, laifi ne da tararsa kan kai fam 2,500, har da yiwuwar ɗauri.

Saura hanya biyu. Wasu kan tallata ta a eBay ko Facebook, su rubuta ƙarara cewa ba ta tashi, mai son kayan jikinta ko mai iya gyara da hannunsa ya zo da motar ɗauka ya saya. An fi samun kuɗi a nan, sai dai dole ka tabbatar sunanka ya fita daga kan motar a wurin hukuma, in ba haka ba duk ɓarnar da aka yi da ita kai za a nema. Ni ta biyun na bi, na ba 'yan gwangwan ɗinsu.

Ba kowa ke wannan sana'a ba sai mai lasisin hukumar kula da muhalli. Sun nemi shaidar ko ni wane ne da takardar mallakar mota, kuɗin kuma ta banki suka turo, domin dokar dillalan ƙarfe ta 2013 ta hana biyan tsaba hannu da hannu, saboda ɓarayin da suka addabi wayoyin jirgin ƙasa da dalmar rufin coci-coci. Cikin kwana 7 dole su ba ka takardar shaidar cewa an rushe motar. Wanda bai sanar da DVLA ba ana iya cin sa tarar fam 1,000. Wanda ya sanar kuma ana mayar masa da harajin cikakkun watannin da suka rage.

Na bi su har filin don in gani da idona. Kafin kowa ya kwance ko noti ɗaya, sai da suka ɗaga ta sama a kan daɓen siminti, suka cire batir, suka tatse fetur, baƙin mai, man birki da ruwan lagireto, kowanne a tankinsa, suka zuƙe gas ɗin esi. Ɗigo ɗaya bai taɓa ƙasa ba. Daga nan suka yanke indomin salansa, wato matatar hayaƙin mota, wanda shi ne mai tsada saboda ƙarafa masu daraja da ke cikinsa, suka ware tayoyi da fitilu da ƙofofi na sayarwa. Gangar jikin kuma na'ura ta matse ta ta koma kamar katifa. Tun 2015 ƙa'idarsu ita ce a amfana da kashi 95 cikin 100 na nauyin mota.

Abin ya yi mini ciwo, Yaya, ba zan ɓoye maka ba. Mota mai sauran rai aka niƙe don kawai babu hannun da zai gyara ta da sauƙi. Ƙwarewar da ke Ƙofar Ruwa da Fanteka ta Kaduna, wadda ta sa har yau ake ganin Fijo 504 tana ɗaukar kaya, dukiya ce da mutanen nan suka bari ta yi musu tsada, kuma ina takaicin yadda muke raina masu ita. Amma daɓen simintin nan da tankunan nan, su nake so a ce muna da su. Ka san yadda ƙasar garejinmu take, baƙi ƙirin, mai na gangarawa kwata, rijiya na kusa. Ka san yadda ake fasa tsohon batir a zubar da ruwansa inda yara ke wasa. Gubar dalmar da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 daga haƙar zinari ta fito, amma dalmar ce dai a cikin batir.

Wannan ya kawo ni kan tsohuwar motar Baba da ke ƙarƙashin darbejiya. Don Allah ka kira bakanike ya duba ta tsakani da Allah. In za ta tashi da kuɗin da hankali zai ɗauka, ka faɗa mini in turo nawa kason, a ba wani cikin samari ya nemi abinci da ita. In ta wuce gyara, kada a sayar da ita a dunƙule da kuɗin kilo: a fara cire inji da giya da duk abin da kasuwa ke nema, baƙin man a tara a jarka, batir a kai wa masu saye ba tare da an fasa ba. A cire lambarta a haɗa da takardunta ka adana, mai sayen ƙarfen kuma ya sa hannu a rubuce gaban shaidu. Kuɗin da aka samu na magada ne, sai ka sanar da kowa kafin a taɓa shi.

Ka gaishe mini da Hajiya da kyau, ka ce ina neman addu'arta.

Ƙaninka.