Firinta a ofis: ta bi ta kwamfuta ɗaya ko ta hau rauta kai tsaye?

Wani ɗan'uwa ya ce ofishinsu kwamfuta shida ne da firinta ɗaya, an jona ta da USB a kwamfutar sakatare aka raba wa sauran, kuma kusan kullum sai wani ya ce takardarsa ta ƙi fita. Ya ci gaba da lallaɓa wannan tsari ne, ko ya jona firintar da rauta, wato na'urar da ke haɗa kwamfutocin ofis da juna da kuma intanet?

Malam, duka biyun suna aiki, sai dai inda kowanne ke samun matsala daban ne.

A tsarin USB, kwamfutar sakatare ce mai gadin ƙofa. In an kashe ta, ko ta yi barci, ko an sauya kalmar sirrinta, aiki ya tsaya wa kowa. Fara duba ko haɗinta yana kan Private, domin a kan Public Windows na toshe rabon firinta. Sannan a wata kwamfutar ka danna Windows da R, ka rubuta \\ haɗe da sunan kwamfutar sakatare, ka ga ko firintar za ta bayyana. In ta bayyana amma haɗawa ya kawo saƙon kuskure mai lamba 0x0000011b, kada ka wahalar da kanka da sauya kebul. Tun sabuntawar tsaro ta Satumba 2021 Windows ta tsaurara yadda kwamfutoci ke tantance juna wajen buga takarda, kuma wadda aka sabunta takan ƙi jituwa da wadda aka bari a baya. Ka sabunta dukkansu. Akwai masu shiga Registry, ma'ajiyar saitunan Windows, su mayar da RpcAuthnLevelPrivacyEnabled zuwa 0, yana aiki kam, amma kariyar ce ka cire da hannunka.

In firintar na kan rauta kuwa, babu mai jiran kowa, kuma matsalarta kusan guda ce: adireshin IP, wato lambar da rauta ke ba kowace na'ura don a same ta. Aka ɗauke wuta aka tada janareta, rautar ta sake tashi ta raba adireshi sabo, firintar da ke 192.168.1.23 jiya ta koma 192.168.1.31, kwamfutoci suna ta neman ta a tsohon gida suna nuna Offline. Maganinsa sau ɗaya ake yi. Buga takardar saitin firintar ka ga adireshinta da lambar MAC, wato lambar shaidar da aka ƙera ta da ita, ka shiga rauta ka keɓe mata adireshin dindindin. A kowace kwamfuta ka ƙara ta da Standard TCP/IP Port, RAW, lamba 9100. Kada ka bar WSD, wato nau'in port ɗin da Windows ke zaɓa da kanta, yakan ɓatar da firinta. In ka gwada ping, wato umarnin da ke duba ko adireshin yana amsawa, ya amsa amma har yanzu Offline, shiga Configure Port ka cire alamar SNMP Status Enabled. Kuma kebul ya fi Wi-Fi kwanciyar hankali, don firintoci da yawa 2.4GHz kaɗai suke kamawa.

Takarda ta maƙale a layi? Buɗe services.msc, tsayar da Print Spooler mai kula da layin takardu, share abin da ke cikin C:\Windows\System32\spool\PRINTERS, ka sake tada shi. A tsarin USB a kwamfutar sakatare za ka yi, domin aiki ɗaya da ya maƙale can ya tare wa kowa hanya. A ɗaya tsarin, kwamfutar da ta maƙale kawai za ka taɓa.

Don haka leƙa bayan firintar. In tana da ramin Ethernet, sayi kebul Cat6 ka koma rauta yau ɗin nan. In USB kaɗai gare ta, irin HP LaserJet 1020 da ke dogara da kwamfuta wajen sarrafa shafi, ƙananan akwatunan raba firinta ba kasafai suke jituwa da ita ba. Ka zauna a tsarin da kake, ka hana kwamfutar sakatare yin barci, ka sa ta da rautar a kan UPS, batirin da ke riƙe su in an ɗauke wuta. Firintar leza dai kada ta hau ƙaramin UPS, wutar da take ja lokacin ɗumama ta fi ƙarfinsa.