Na'urar ɗiga wa sarƙar babur mai: wacce ta dace da hanyar Jos zuwa Abuja?

Ɗan'uwa, ka ce baburinka babba ne, sarƙarsa a buɗe take, kusan kowane mako kana sauka Abuja ka dawo Jos, kuma ka gaji da fesa wa sarƙa mai. Kana tambaya, cikin na'urorin da ke ɗiga mai da kansu, wacce za ka saya.

Dukkansu aikinsu ɗaya ne: ƙaramin tanki, siririn tiyo, da baki da ke ajiye ɗigon mai a jikin siproket na baya, wato faifan nan mai haƙora da sarƙa ke hawa, juyawar siproket ɗin ta cilla shi cikin sarƙa. Abin da ya raba su shi ne me ke buɗe wa man hanya.

Wadda aka fi sani ita ce vSystem ta kamfanin Scottoiler da ke Sikotilan. Ana jona ta da wurin da inji ke zuƙar iska. Ka tayar da inji, zuƙar ta ɗaga bawul, mai ya gangaro da nauyinsa. Ka kashe, ya tsaya. Ba ta taɓa batir. Amma ko kana tsaye a cunkoson Nyanya, muddin inji na aiki, ɗiga take yi. Sannan a wasu baburan zamani marasa kafireta, samun wurin jona tiyon sai bakaniken da ya san hannunsa.

Ita kuwa Tutoro, ta Birtaniya, ba ruwanta da inji, ba ruwanta da waya. Wani ɗan ƙarfe ne mai nauyi a cikinta, girgizar hanya ke motsa shi ya buɗe bawul. Kana tafiya tana ɗiga, ka tsaya ta tsaya. Kai da kanka za ka iya ɗaura ta a gida, kuma girgiza dai hanyoyinmu ba su rasa ta ba.

To ga inda nake so ka tsaya ka duba da kyau, domin nan ne zama a Jos ya shigo cikin maganar. Waɗannan biyun duk nauyin mai ne ke tura shi, kuma mai yana kauri da sanyi, yana tsinkewa da zafi. Jos tana kan tudu, sama da mita 1,200. Ka fito da asuba a watan Disamba ko Janairu, man ya yi kauri, da ƙyar ɗigo ke faɗowa. Sai ka buɗe maɓallin saita ɗigon ka ƙara. Ka wuce Riyom, ka gangara Hawan Kibo, kafin ka kai Akwanga rana ta buɗe, man ya tsinke, abin da ka saita ɗazu ya zama ambaliya. Rarar man a bakin wili take taruwa, idan ta yi yawa har gefen taya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina, musamman da damina a kan kwanonin Hawan Kibo. Shi ya sa cikin man da Scottoiler ke sayarwa akwai shuɗi na wurin sanyi da ja na wurin zafi, kai kuma a tafiya ɗaya kake ratsa yanayin biyu. Da irin wannan na'ura, saita ta da zafin Abuja, kamar ɗigo ɗaya a minti, ka haƙura da ƙarancin da za ta yi da sanyin safiya.

Masu lantarki, irin su xSystem da eSystem na Scottoiler ɗin, famfo ne ke tura man a ƙididdige, saboda haka sanyi da zafi ba sa juya su haka. Ana jona su da batir, suna gane babur na tafiya ta hanyar motsi, ita eSystem har da ɗan allo a kan kambu da za ka rage ko ka ƙara kana tafe. Don hanyarka, su suka fi dacewa. Sai dai su suka fi tsada, daga waje ake odarsu, kuma ranar da famfon ya tsaya ba abin da za ka shiga kasuwar Dilimi a Jos ka ce a canza maka ba ne.

Akwai kuma Nemo 2 ta Cobrra, wadda ba ta kai a ce da kanta take aiki ba: kai ne za ka murɗa murfinta kwata, ta yi 'yan mintuna tana sakin mai. Man giya 80W-90 take sha, wanda ko'ina za ka samu. Ka manta ka murɗa, sarƙa ta bushe.

Kada ka ɗauka ɗayansu zai raba ka da goge sarƙa. Amfaninsu a ƙurar hunturu shi ne man nasu ba ya danƙo, yana fita da dattin yana tafiya, alhali giris da man fesawa mai danƙo riƙe ƙura suke yi har ta koma kamar yashin goge ƙarfe, ta cinye haƙoran siproket. Sarƙar babban babur mai zoben roba dama da giris ɗinta a rufe a ciki. Man waje yana hana tsatsa ne da bushewar robar. Baƙin mai da aka juye daga inji kuwa, don Allah kada ka zuba, cike yake da dattin ƙarfe.

'Yan'uwa masu Boxer, sarƙarku na cikin murfi, ƙura ba ta samunta sosai. Man giya kaɗan duk bayan kilomita 500 ya ishe ku, inji a kashe, kuna juya taya da hannu.

Kai kuwa, da ni ne, idan aljihu ya ɗauka xSystem zan saya. Idan bai ɗauka ba, Tutoro, in saita ta da rana a Abuja, kuma duk inda na tsaya shan mai in sunkuya in duba bakin wilin baya.