Teburin gyaran inji: na katako, na ƙarfe ko na siminti?

Kafin ka je wurin kafinta ko mai walda, fara duba irin injin da ya fi zuwa garejinka. A Katsina yawancin aiki na babur ne da Keke Napep da janareta, sai injinan ban-ruwa da masu noman rani ke kawowa daga wajen Ajiwa da Jibiya. Duk waɗannan injinan mutum ɗaya ko biyu na iya ɗaga su. Injin mota kuwa ya kan haura kilo 100, kuma wannan lissafi ne daban.

Na katako ya fi araha, kuma ba ya ƙwarzane kayan alminiyom irin su kabireta. Amma yana shan baƙin mai da fetur har ya zama abincin wuta, ga gara tana jiran ƙafafunsa, ga hunturu yana busar da shi kusoshi su saki. In shi aljihunka zai ɗauka, nemi katako mai tauri, kaurin inci 2, a ɗaure shi da noti maimakon ƙusa, a kuma ɗora ƙafafun kan bulo.

Na siminti ba ya motsi ko ka dake shi da guduma. Sai dai in shagon haya kake, ranar tashi ka bar wa mai gida.

A ganina na ƙarfe ne ya cancanci kuɗinka, amma nan ne aka fi cutar mai saye. Fenti yana rufe abubuwa da yawa. Durƙusa ka leƙa ƙarƙashi: in waldar ɗigo-ɗigo ce kamar kashin awaki, ba a ja ta daga farko zuwa ƙarshen haɗi ba, ka wuce. Kama gefe ka girgiza shi da ƙarfi. Wanda ya yi rawa babu kaya, me zai yi ranar da kake kokawa da notin da ya yi tsatsa? Farantin sama kada ya gaza milimita 3, in an samu 5 ya fi, kuma a sa katako a ƙarƙashinsa don ya rage ƙara. Ce wa mai walda: "Maigida, ɗan tayar min da bakinsa ta baya da gefe." Duk wanda ya taɓa laluben ƙaramin noti cikin yashi ya san dalili.

Tsayi kuma a auna da jikinka. Santimita 85 zuwa 90 ya ishi yawancin mutane, dogo ya ƙara. Abin damƙe ƙarfe a ɗaura shi daidai saman ƙafa ɗaya, inda tebur ya fi ƙwari. Sannan a nema masa rumfa, domin farantin da ya sha ranar Afrilu ba ya taɓuwa.

Mai gyaran mota ya ware kuɗin abin ɗaga inji da mariƙinsa tun farko, tebur ya zama wurin ajiye sassan da aka kwance kawai.