Zanen Ƙofar Markus Aureliyus ta Turabulus: ko ya ci kuɗinsa?

Wani mai zane ɗan Libiya na ba wa aikin, ta Instagram muka yi ciniki. Abin da na nema shi ne zanen hannu da fentin ruwa, ba hoton da aka buga da inji ba, na tsohuwar ƙofar nan ta Rumawa da ke cikin tsohon garin Turabulus, kusa da bakin teku. Yanzu aikin yana rataye a falo, na kalle shi da safe na kalle shi da dare, don haka zan iya faɗin ra'ayina ba tare da ɗokin sabon abu ba.

Ga wanda bai san ginin ba, an yi shi ne wajen shekara ta 165 miladiyya, lokacin da ake kiran garin Oya, don girmama sarki Markus Aureliyus da abokin sarautarsa Lusiyus Berus bayan nasarar da suka samu a kan Fartiyawa, masu mulkin Farisa a wancan lokacin. Da marmara aka gina shi, yana da baki huɗu, kowanne na fuskantar ɓangare guda, ga ƙubba mai kusurwa takwas a sama. A tsakiyar mararraba yake tsaye a zamaninsa. Shi kaɗai ne babban ginin Rumawa da ya rage a tsaye a birnin, sauran suna ƙarƙashin gidajen mutane. Kakanninmu fatake da suka bi hanyar Gat da Gadamas har Turabulus ba su gan shi yadda yake yau ba, domin a lokacin ƙasa ta binne gindinsa, an toshe bakunansa an mayar da shi shago. Sai bayan Italiya ta kama garin a 1911 aka tone shi aka share kewayensa.

Wannan tarihin shi ne abin da mai zanen ya kama, kuma nan ne ya burge ni. Yawancin hotunan da ake ɗauka suna nuna ƙofar ita kaɗai, kamar a daji take. Shi kuwa ya tsaya daga kan titi ya zana ta daga sama, yadda mai kallo zai ga ta nutse ƙasa da inda jama'a ke takawa, saboda garin ya yi ta hawa kan kansa shekara da shekaru. A bayanta ya sa hasumiyar masallacin Gurji, wanda aka gina a 1834, da bangayen gidaje masu farar ƙasa. Akwai mutum biyu a gefe, ɗigon launi ne kawai, babu fuska, amma su suka nuna girman ginin. Ban nemi ya sa su ba. Da ya tambaye ni ma da na ce a'a, kuma da zanen ya rasa rabin ransa.

Hasken marmarar ma abin yabo ne. A irin wannan zane ba a shafa farin fenti, takardar ake bari fara a inda rana ta bugi dutse, sai a zagaye wurin da launi. Ke nan tun kafin buroshi ya taɓa takarda sai mai zane ya san inda haskensa zai zauna, in ya rufe shi kuwa shi ke nan. Mutumin nan ya bar gefen ƙofar guda fari fat, ya zuba ruwan toka mai ɗan shuɗi a cikin bakunan, sannan ya bi tsagar duwatsun da launin ƙasa-ƙasa. Takardar ta auduga ce mai kauri, mai ɗan kaushi, shi ya sa fentin ya zauna tsabar-tsabar kamar dutsen da gishirin teku ya ci. 

To, ga inda na ga gazawa. A jikin ƙofar akwai sassaƙen gumakan garin, Afolo da Minarba, kowanne a kan karusa, ɗaya dabbobi masu jikin zaki da kan mikiya ke jan sa, ɗayar kuma masu jikin zaki da kan mutum. A zanena duk wannan ya zama inuwa-inuwa. Na san fentin ruwa ba ya son ƙananan abubuwa, kuma sassaƙen ma ya lalace, amma masu wannan sana'a kan bi da siririn alƙalami su fito da siffa bayan fenti ya bushe. Bai yi ba. Duk wanda yake son zanen don karantar da ɗalibai, ko don ya ƙididdige abin da ke jikin ginin, gara ya nemi hoto. Sararin sama kuma ya yi masa gaggawa, har ruwa ya kwanta ya bar tabo a kusurwa. Ya ce mini da gangan ne. Ban gamsu ba.

Aikowar ce ta fi ɓata mini rai. An naɗe takardar an cusa a bututun kwali, alhali mai kauri irin wannan a shimfiɗe ake aiko ta tsakanin kwali biyu. Sai da mai firam ya danne ta a hankali kafin ta miƙe. Wanda zai yi oda ya kafa wannan sharaɗin tun wajen ciniki, ko da kuɗin aikowa zai ƙaru.

Duk da haka zan sake ba shi aiki, sai dai zan nemi ya turo mini zanen fensir in gani kafin ya sa launi. Firam ɗin kuma kada a yi masa rowa: a sa gilashi, a sa kwali tsakanin gilashin da takardar don kada su manne da damina, a liƙe bayan saboda ƙurar hunturu, a kuma rataye shi a bangon da rana ba ta kaiwa, domin tana kashe launin.