DStv, GOtv ko kallo ta intanet: ta ina ya fi dacewa a kalli SuperSport?

Wani ɗan'uwa ya yi tambaya cewa yana son kallon Firimiya da gasar Zakarun Turai a gida, wutar sola yake amfani da ita, kuma ya rasa zaɓi tsakanin DStv da GOtv da kallo ta waya. Malam, duka ukun gida ɗaya suka fito. Tashoshin SuperSport na kamfanin MultiChoice ne da ke Randburg a Afirka ta Kudu, wanda Canal+ na Faransa ya karɓi ragamarsa a 2025. Ƙwallon dai ɗaya ce, hanyar da take bi ta iso falonka ce ta bambanta, kuma kowace hanya da irin cutarta.

A fara da abin da za ka gani, don nan ne aka fi yin asarar kuɗi. Sayen dikoda ba shi ne samun wasa ba, ƙunshin da ka biya shi ke buɗe tasha. A DStv na Najeriya ƙunshin sun jeru daga Padi, Yanga, Confam, Compact, Compact Plus har Premium. Firimiya cikakkiya daga Compact take farawa, mai son Zakarun Turai ba tare da zaɓe ba kuwa sai ya hau Compact Plus. A GOtv akwai Smallie, Jinja, Jolli, Max, Supa da Supa Plus, kuma na ƙarshen nan, da aka kawo a 2023, shi ne na masoya Firimiya. Max ya fi dacewa da mai bin La Liga da Serie A. Kafin ka biya, duba jerin tashoshin ƙunshin na wannan kakar, don haƙƙin nuna gasa kwangila ce ta 'yan shekaru, tana iya sauya hannu.

DStv daga tauraron ɗan Adam yake zuwa, wanda ke digiri 36 gabas. Daga Kano farantin dish ɗin gabas yake fuskanta, ya ɗan karkata kudu, don haka bishiya ko bene a wannan ɓangaren zai tare shi. Amfaninsa shi ne ba ruwansa da nisan gari, ƙauyen da ko sabis ɗin waya babu zai kama. Cutarsa ruwan sama. Siginar tana tafiya a zangon Ku, wajen gigahaz 11 zuwa 12, kuma ɗigon ruwa mai nauyi yana shanye ta. Ga shi Firimiya a Agusta take farawa, tsakiyar damina. Da hadari ya haɗo ta gabas sai ka ga E48-32, alamar rashin sigina, a allo tun ruwan bai sauka a unguwarku ba. Magani shi ne faranti mai santimita 90 maimakon ƙaramin mai 60, wayar sigina samfurin RG6 mai kyau, sannan a naɗe mahaɗin da ke jikin LNB, wato na'urar gaban faranti mai karɓar sigina, da tef don kada ruwa ya shiga ya yi tsatsa. Idan mai ɗaurawa ya gama, kada ka tsaya a ƙarfin sigina kawai, duba ingancinta a dikoda. Ƙarfi yana iya cika alhali inganci na ƙasa, irin wannan ko yayyafi aka yi hoto zai fara daskarewa. A ɗaure ƙusoshin sosai kuma, iskar farkon damina kan goce faranti da ɗan abin da ido ba ya gani.

GOtv, da ya fara a 2011, daga turken da ke cikin gari yake watsawa zuwa eriya. Ruwan sama bai cika damunsa ba, ɗaurawa ba wuya, kuɗin wata ya fi sauƙi. Sai dai in ka yi nisa da turken, ko gidanka na kwari, ba dabarar da za ta kawo shi. Kafin ka saya, leƙa gidan maƙwabci mai shi ka ga yadda yake kamawa. A ɗaga eriya a kan doguwar sanda, a juya ta a hankali ana kallon ma'aunin sigina. Tashoshinsa na wasa ba su kai na DStv yawa ba, don haka daren da wasannin Zakarun Turai da yawa suka haɗu a lokaci ɗaya, ba lallai ka samu na ƙungiyarka ba.

Kallo ta intanet da manhajar DStv Stream, wadda a da ake kira DStv Now, shi ne mai ɓoyayyen kuɗi. Lissafin a fili yake: gudun megabit 1 a daƙiƙa yana cin megabait 450 a awa. Wasa da hutun rabin lokaci kusan awa biyu ne. Hoto matsakaici a megabit 1.5 zai ci wajen gigabait 1.35, mai kyau a megabit 4 kuwa 3.6. Wasa takwas a wata da hoto mai kyau ya kusa gigabait 29, ban da kuɗin ƙunshi. Shiga saitin manhajar ka rage ingancin hoto da kanka, in ka bar shi ya zaɓa zai ɗauki mafi tsada muddin sabis na da ƙarfi. Sannan hoton yana zuwa a makare, sau da yawa da rabin minti ko fiye, har ka ji ihun gidan kallo kafin ɗan wasan ya buga fenaretin a wayarka. Tun 2022 kuma aka taƙaita yawan na'urorin da za su kalla lokaci ɗaya, raba lambar sirri da abokai na iya hana ka kallo lokacin wasa.

Batun sola kada ya dame ka. Dikoda ba ta cika wuce wat 15 ba, talabijin LED mai inci 32 kuma wajen wat 30 zuwa 50 yake ci, ƙaramin batir zai riƙe su har a tashi wasa. Idan kuma ka ga saƙon E16 a allo, kuɗin wata ne ya ƙare ko ba a buɗe tashar a ƙunshinka ba, kuma dikoda ta kasance a kunne lokacin da za a sake turo sigina bayan ka biya.

Tunda ka haɗa da Zakarun Turai, Malam, DStv Compact Plus da faranti mai 90 shi ne naka, manhajar kuma ta zama ta ranar tafiya ko ranar da hadari ya rufe gabas, tunda mai biyan dikoda yana shiga ta da asusunsa. Da Firimiya kaɗai ce kuma kana cikin gari kusa da turke, da Supa Plus ya ishe ka. In kuma da niyyar mayar da shi gidan kallo na kuɗi, ƙunshin gida bai halatta ba, sai ka nemi na DStv Business.